Eriyar da Soso Ya Nannaɗe

Zauna ka ji wani misali, kai da kake ta lalube a nesa.

An yi wani kafinta, mabiyin Almasihu, da ke zaune da mahaifiyarsa. Tsufa ya cinye mata tunani, har ta kai in ya kawo mata kunu da safe sai ta ce, "Sannu bawan Allah, daga ina?" Wannan magana kuwa tana yanka shi kamar zarto. Rana ɗaya tak a shekara take dawowa hayyacinta: ranar jajibirin Kirsimeti, in aka sa wani tsohon fim na makiyayin da ɗan ragonsa ya ɓace, wanda suke kallo tun yana ɗan mitsitsi. A nan ne takan dube shi da idon uwa. To, bana aiki ya yi ƙasa, kuɗin dish ya gagara, kamfani ya yanke, talabijin ta zama madubin duba fuska. Sai ya yanke shawarar sayar da zakaran da aka yi wa kiwo domin shinkafar biki, ya biya kuɗin dish ɗin. A ci gaya, in dai tsohuwa za ta gane ɗanta ko sau ɗaya ne, don ba wanda ya san ko za ta ga baɗi.

Ita kuwa tun farkon watan bakinta bai huta ba: "A hau a juya eriya mana! A juya eriya!" Eriyar nan tana bisa rufi tun zamanin marigayi mijinta, ta yi tsatsa, soso ya nannaɗe ta har ya yi 'ya'ya, tantabaru sun mai da ita majalisa. Shi dai sai ya ce "To, Mama," ya wuce, a ransa yana cewa ruɗin tsufa ne. Ranar jajibiri da hantsi ya ɗaure ƙafafun zakara zai fita kasuwa, sai ta kama gefen rigarsa, idonta ya ciko da hawaye, ta sake roƙonsa kamar mai roƙon baƙo. Tausayi ya kama shi. Don dai ya kwantar mata da hankali, ya ajiye zakaran, ya jingina tsani, ya yaye soson, ya zuro wayar ta taga ya soka a bayan talabijin, sannan ya koma sama ya kama ƙarfen yana murɗawa a hankali. Ashe gidan talabijin na jiha bai taɓa daina sa tsofaffin finafinan Kirsimeti ba, kyauta, ko sisi ba ya nema. Shi ne dai tunda ya kafa dish ya manta da su. Hoto ya fara yayyafi, ya zo, ya tafi, kukan tumaki ya cika ɗaki.

Sai ya ji murya daga ƙasa, garau, irin wadda ya saba ji yana yaro a kan rufin nan: "Koma baya kaɗan! Yauwa! Ya yi! Tsaya nan, Ɗanladi! Sauko a hankali, kar ka faɗo min."

Wallahi mutumin nan, da furfurarsa, sai da ya zauna a kan kwano ya yi kuka ya ƙoshi kafin ya iya saukowa. Suka kalli fim ɗinsu hannunta cikin nasa, washegari zakara ya shiga tukunya kamar yadda aka tsara masa.

Abin da ya so ya saya da abincin bikinsa yana bisa kansa, mai gaya masa kuma tana gabansa, bai saurara ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.