Telan da Ya Binne Ƙafafun Gidansa

Ka ce kunyar gidan kake ji, ko? To gyara zama in ba ka misalin wani tela.

A wani birni da jama'a suka yi wa yawa, har ɗaki ɗaya sai ka iske mutum tara a ciki, aka kawo irin gidajen nan na ɗaurawa da kwancewa. Bango falle-falle, rufi falle-falle, noti ke riƙe da komai, gidan kuma yana tsaye a kan gajerun ƙafafu na ƙarfe, ruwan sama ya bi ta ƙarƙashi ya wuce abinsa. Wani attajiri ya ba da aron fili, ƙungiyar masu sana'a ta jera gidaje talatin a kai, telan nan ya samu mai ɗaki biyu. Ranar da aka miƙa masa mabuɗi aka haɗa masa da sifanar kwance noti, aka kuma ja masa kunne da magana ɗaya tak: gida naka ne, fili na aro ne, kada ka binne masa ƙafafu. Ya ce ya ji. Shekara biyu yana zaune lafiya lau, ba yoyo, ba gorin mai gidan haya.

Sai matarsa ta haihu, dangi suka aiko daga ƙauye cewa za su zo suna, mota guda cur. Nan fa tela ya shiga lissafi. Shi da duk sallah yake zuwa gida cikin babbar riga yana cewa ai ya yi gida a birni, yanzu kawunansa su zo su tarar da shi a cikin abin da ake ɗagawa a ɗora a mota? Ya san bakin mutanensu sarai. A wurinsu gidan da ba a haƙa wa tushe ba rumfa ce, kuma kafin su koma labari zai riga su isa, a ce wane a akwati yake kwana. Bai yi shawara da kowa ba ya kira birkila. Aka zuba kankare ya shanye ƙafafun, aka jera bulo a kewaye, aka bi da filasta. Birkilan ma, da ba ruwansa, sai da ya tsaya da cokalinsa a hannu ya ce, "Maigida, notin nan fa?" Tela ya ce, "Rufe su. Ai su na kira ka ka rufe."

Suna kam ya yi armashi, ba ƙarya. Kawunai suka riƙa bubbuga bango da tafin hannu suna cewa ma sha Allah, gini ya ginu, yaro ya fitar da mu kunya. Tela ya ji kansa ya yi gingirim. Daga ranar maƙwabta suka koma ƙananan mutane a idonsa, gaisuwa ma sai da bakin yatsa, in ya wuce majalisa yana wani ɗaga hanci kamar ba tare aka raba musu mabuɗi ba.

Bayan shekara guda attajiri ya ce yana bukatar filinsa, ya ba da wata ɗaya. Ba wanda ya ɗaga hankali, don ƙungiya ta riga ta samo wani filin, har da famfo. Ranar tashi tun da hantsi kowa ya fito da sifanarsa, ana kwancewa ana raha, bango na kwanciya a kan bango a cikin motoci. Kafin azahar unguwa ta zama fili fetal, sai gida ɗaya tsaye a tsakiya, da mai shi yana kewaya shi da sifana a hannu, ya rasa inda zai sa ta. Ya ari guduma. Duk bugun da ya fasa siminti sai ya yaga bangon da ke ciki, ƙafafun kuwa ko motsi. Har la'asar abin da ya iya cetowa kwanon rufi ne da ƙofa. Matarsa na zaune kusa da keken ɗinkinsa da goyo a baya. Cikin maƙwabta ba wanda ya ce ai an gaya maka. Wallahi da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda rabon da ya gaishe ta da kyau tun kafin sunan. Ta leƙo daga motar da aka loda mata kaya, ta ce wa maza, "In mun isa, ɗaki ɗaya za ku ɗaura mini. Ɗayan ku ɗaura wa mai goyo, ba za ta kwana a sarari ina raye ba." Kunya ta rufe tela, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Haka ya hau bayan mota ya tsuguna, yana riƙe da bangon tsohuwa kada ya zame, kansa a sunkuye har suka isa.

To ka ji. Dangin da ya yi wa kwalliyar suna can ƙauye suna barcinsu, shi kuwa gidan ɗaki biyu ya tafi. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.