Mita Biyu Cif

"Kaka, bana ya dusashe!" in ji mai hoton, yana miƙa mata hoton da ya wanko.

Shekara tara ke nan tsohuwar tana zuwa shagonsa a birnin Mokpo ya ɗauke ta hoton da za a kafa ranar jana'izarta, don an ce yin sa da wuri yana ƙara tsawon rai. Bai taɓa sauya lissafinsa ba. Yakan ja tef ɗin awo daga kyamara zuwa idonta, mita biyu cif, ya buɗe idon kyamarar har ƙarshe. Faɗin tafin hannu kawai ke fitowa tar, sauran duk dishi-dishi.

A shekarar farko ya ga wani duhu can bayanta, ya ce tabon fim ne. A ta biyar duhun ya yi kafaɗu. Bara kuwa har yatsun duhun ya ƙirga a kan kujerarta. Abin matsowa yake yi, yana ƙara fitowa tar.

"Ya koma baya, Kaka. Kin tsira."

Ta kai hoton dab da hancinta. "Kai da lissafinka! In ya koma baya, me ya sa ya ƙara girma?"

Ya karɓa ya sake dubawa. Fuskarta ta fito tar, amma duhun ya sha gabanta, ya rufe mata kafaɗa. Sai a lokacin ya tuna: abin da ya matso kusa da kyamara ma dusashewa yake yi.

Bayan kyamarar kuwa, ba mai tsayawa sai shi mai hoton.