Irin da Taya Ta Binne

Tun ranar da Auta ya ajiye aikin ofis ya ce noma zai koma, ba shi da zance sai na tarakta. Auta ake ce masa har yanzu a gidansu, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai yana da ciwo ɗaya: ba ya son a gan shi da ƙaramin abu.

Ya riga ya sayi injin shuka mai layi huɗu, saura abin da zai ja shi. Ya ɗauki bakanikensa suka tafi wurin masu sayarwa. Bakaniken ya zaga ya duba, sannan ya dafa wata 'yar madaidaiciya.

"Maigida, wannan ce daidai da injinka. Ba ta da nauyi, tayoyinta kuma za su bi ta tsakanin layi."

Auta ko kallonta bai yi ba. Idonsa na kan wata ƙatuwa ja, wadda sai an taka matakala ake hawa.

"Haba malam! In na shiga gari da wannan ai sai a ce keken ɗinki na sayo. Waccan nake so."

"Waccan ta manyan gonaki ce. Ƙasarku laka ce, in ta jiƙe nauyin nan zai danne ta. Kuma tayarta daidai kan layin shukarka za ta hau."

Mai sayarwa ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi kanka ka dubi waccan. Ai kun dace." Shi ke nan, magana ta ƙare.

Auta yana da yaya mace, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mijinta ya rasu bara, ya bar ta da yara biyar, da gona ɗaya, da buhu guda na irin masara. Shekara goma sha biyu marigayin yana zaɓen irin nan, duk kaka yana ware wadda ta fi cika. Ko lokacin da abinci ya yanke musu, Yaya ba ta bari an taɓa buhun ba.

Da ruwan shuka ya sauka, ta shirya za su shuka da hannu ita da yara. Auta ya ji labari, ya zo har tsakar gida.

"Ina raye ki sunkuya a gona, Yaya? Wallahi ba za a yi haka ba."

"To na gode, Autana. Amma ka bari sai jibi, ƙasar ba ta tsane ba."

"Gobe za a yi. Kafin ki gama share tsakar gidan nan na gama."

Da gaske yana son taimaka mata. Amma gaskiyar magana, ya fi ƙosawa a gan shi a kan motar.

Washegari maƙwabta suka cika bakin gona. Aka juye irin duka a cikin injin, Auta ya haye taraktar, ya ba ta wuta. Da ya kai ƙarshen layin farko ya waiwaya. Tayoyin sun bar rami biyu masu sheƙi, kuma layuka biyu na gefe a cikinsu suke zuba iri. Abin da bakanike ya faɗa ke nan, ba ragi. Zuciyarsa ta ce masa ya tsaya. Sai ya ji ana tafi, wani na cewa, "Kai, wannan mota akwai ƙarfi!" Ya ƙara mata wuta.

Bayan kwana goma ya koma gonar. Layi biyu sun fito jefi-jefi, layi biyu ko ɗigo babu, haka har ƙarshe. Ruwa ya kwanta a sawun taya, waɗanda suka fito ma sun fara yin rawaya. Inda ya riƙa juya motar kuwa ya daskare kamar daɓe.

Ya durƙusa ya tona da wuƙa. Ga irin nan ya kumbura ya ruɓe. Wani ya yi tsiro, ya rasa hanyar fita, ya nannaɗe ya mutu a ƙasa. Auta ya ji ya tsani kansa.

Yaya ta iso ta tsaya a bayansa. Ta daɗe tana kallon gonar kafin ta ce, "Laifina ne. Da na sani na rage rabi a gida."

Wannan maganar ta fi masa zagi ciwo. Hawaye suka zubo masa.

"Ba laifinki ba ne, Yaya. An gaya mini tun wurin saye. Kuma tun layin farko na gani da idona. Kunyar mutane ta hana ni tsayawa."

Ta juya ta dubi gonakin maƙwabta, kore shar ta ko'ina.

"Kunyarsu ka ji, Auta? Ga su can, kowa tasa ta fito."

Da kaka ta zo, gonar ba ta ba da ko abin ajiye iri ba. Auta ya yi ta kai musu buhunan masara daga kasuwa, tana karɓa tana sa masa albarka. Amma duk ranar da ya shiga ɗakinta sai ya ga buhun nan da babu komai a ciki, a ninke a kan akwati, da rubutun mijinta a jiki. Ta ƙi yar da shi, shi kuma ya kasa haɗa ido da ita.

Mai karatu, kafin ka zaɓi tarakta, dubi injin da za ta ja, dubi ƙasar da za ta taka, ka kuma saurari wanda ya san aikin. Ka sayi wadda ta dace da gonarka, ba wadda za ta burge 'yan kallo ba. In kuma ka ga kuskurenka tun layin farko, ka tsaya nan take.