Mai Takalman Bakin Teku

Sai da tsohon Baturen ya durƙusa yana gwada min takalmi sannan na gane shi. A wani katafaren kanti ne a Landan, shekarar 1976, na zo daga Kano aljihu cike da kuɗin arzikin man fetur.

A da, a saman shagonsa na takalma na zauna shekara uku ina ɗalibi, a wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila. A lokacin titin shagon ba ya da masaka tsinke. Shi ke auna ƙafar kowane yaro a garin, kuma bai taɓa cin abincin Lahadi ba tare da ni ba.

"Baba, ina shagon?" na tambaye shi.

Bai ɗago ba. Ya ce masu zuwa garin hutu sun koma hawa jirgi zuwa ƙasar Sifen, 'yan gari kuma sun koma babban kantin da aka gina a bayan gari. Mahauci ne ya fara rufe shagonsa, sai mai littattafai, sai mai burodi.

Na ce, "Tashi mu koma. Ko nawa ne zan bayar a sake buɗewa."

Ya ɗaure igiyar takalmin a hankali.

"Ɗana, wa zan sayar wa? A makona na ƙarshe mutum ɗaya ne ya shigo, shi ma hanyar tashar jirgin ƙasa yake tambaya. Na nuna masa, na kulle ƙofa, na bi bayansa."