Soda da Ƙafar Motar Alhaji

Don Allah don Annabi, duk wanda wannan ya faɗo hannunsa kar ya ce ni ce na rubuta, ko da ya gane ni. Goggo ce take ba matar yayanmu wannan misalin, ni kuma ina bayan ƙyaure ina tsince shinkafa, ba a san ina ji ba. In aka sani na shiga uku. Rubutun nawa ma ba wani mai kyau ba ne, ku yi haƙuri da shi.

Wai wata mata ce mai yin sabulun wanki a gida, mijinta direban wani Alhaji. Motar lafiyarta ƙalau, sai dai rim ɗinta, wato ƙarfen nan da ake sa taya a jikinsa, fentin da ya zo da shi tun daga kamfani ya fara ɓarewa, ya yi dabbare-dabbare kamar mai ƙyasbi. Alhaji ya ce a kai wa masu fenti. Direban nan, don ya ƙara shiga ran maigidansa, ya ce a bar masa, shi zai kankare duka huɗun tas su yi ƙyalli. Alhaji ya ce to, amma in ka ɓata min su ka ajiye min makullina. Mai faci ya cire tayoyin, direban ya kwaso rim huɗun ya kawo gida. Kullum ya zauna a tsakar gida da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, da ruwa a gwangwani, ƙarar-ƙarar, lungu-lungu, har yatsunsa suka saluɓe, tuwo ma sai da cokali. Ya gama uku, saura ɗaya, ya fita ƙaro samfefa. Matar ta tsaya tana kallon na huɗun nan, tausayi ya kama ta. Ita dai ta san sodar da take sabulu da ita tana cin fenti, don ta taɓa zuba a ƙofar ɗakinta ta ƙarfe, fentin ya taso kamar fatar kaza a ruwan zafi, ƙofar kuma ko gezau. Ta ce a ranta, wahalar me bawan Allahn nan yake sha, ga magani a ɗaka? Ta jawo babban bahon roba, ta kaɗa soda mai kauri, ta ɗaura leda a hannu, ta tsoma shi. Da ta ɗaga ma sai da ta yi mamaki, ƙarfe guda ba nauyi haka? Amma ta ce ƙila na Turai haka yake.

Ruwan ya hau tsuwa yana kumfa, baho ya ɗau zafi, wani tururi ya taso yana sa ta tari. Ta yi murna, ta ce yana aiki. Da ta juya shi da muciya, fentin ya fita kam, amma maimakon ƙyalli sai ga baƙi wuluk. To fa. Ta ce ko wani fentin ne a ƙarƙashin wancan? Ta ƙara soda. Ta goge da soso, fari ya ɗan leƙo, kafin ta ɗauraye ya sake rinewa. Ta duba ukun da ke jingine a bango suna walƙiya, ta duba nata, ta rasa ta inda ta kuskure. Ko ruwan ne ya yi kaɗan? Ko sodar ce ta kwana biyu? Ta juye sauran buhun gaba ɗaya, har da wadda za ta yi sabulun mutane da ita. Lokacin da mijin ya yi sallama, abin ya yi tsaga-tsaga da ramuka kamar wanda ya tashi daga agana, ramin ƙusoshin ya zaizaye, bakinsa yana marmashewa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko ludayi ya ƙwanƙwasa rim ɗin, ya je ya ƙwanƙwasa tukunyar miyarta, ya ce, "Kin ji? Uwarsu ɗaya." Nan ta zauna daɓas a ƙasa. Ita da ko almajirarta ta sabulu abin da take fara gaya mata shi ne kar ki kuskura ki haɗa soda da tukunyar sanholo, wato alminiyam, za ta cinye ta. Ta san wannan kamar yunwar cikinta. Ita dai ba ta taɓa kawowa a ranta irin tukunyarta ce take ɗauke da mota ba. Da la'asar ya ɗora huɗun a baro, uku farare ɗaya baƙi, ya tura gidan Alhaji. Ya dawo da baron fayau, aljihunsa ma ba makulli.

Goggo ta ce wannan shi ne Hausawa suke cewa garin neman gira aka rasa ido. Daga nan ta rage murya za ta faɗi ko matar 'yar gidan waye ce, sai... tsaya, ga takun wani nan a soro, bari in