Wa'adin da Kwamfuta Ta Yanka wa Baba

Dakta ya danna maɓalli, ya harɗe hannuwa, yana jiran kwamfutarsa ta faɗi abin da Allah kaɗai Ya sani.

Shekara shida ya yi yana koya mata wannan aiki. Ana yanko 'yar tsoka daga hantar mai ciwon daji, a duba waɗanne ƙwayoyin gado ne a farke, waɗanne ke barci, a zuba mata lissafin. In ta nuna kore, mara lafiya yana da sauran shan ruwa, sai a yi masa tiyata. In ta nuna ja, a mai da shi gida a yi ta lallaɓawa. Cikin ɗari sau biyu kawai take kuskure, kuma ko gaisuwar mutuwa Dakta ya je sai ya san yadda ya sako wannan magana.

Wannan karon tsokar ta mahaifinsa ce. Da kansa ya karɓo ta, ya raba biyu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Rabin da zai gwada ya jefa a firijin da ya fi kusa, na bakin ƙofa, ɗaya rabin ya miƙa wa Anti, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ko kallonta bai yi ba.

Ja kwamfutar ta nuna.

Likitan tiyata ya ce ƙarin da ke hantar ƙarami ne, zai iya cire shi. Dakta ya yi masa murmushin tausayi. "Kai da ido kake dubawa. Ni ƙwayoyin gado dubu ashirin na tambaya."

A gida yayarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe. "Don Allah ƙanena, ka bari a gwada."

"Yaya, so kike a tsaga tsoho a banza?"

Baba ya ɗaga hannu daga kan gado. "Ku bar yaron nan, ya yi karatu. Abin da ya ce shi za a yi."

Bayan wata tara Baba ya rasu. Dakta ya yi kuka, kuka na gaske. Amma ranar sadakar uku sai da ya lallaɓa ofis ya rubuta cewa kwamfuta ta sake cin jarrabawa.

Da zai buga sakamakonsa duniya ta gani, masu mujalla suka ce a maimaita gwaji da ragowar tsokokin da aka ajiye. Irin wannan ƙaramin aiki ai na Anti ne. Bayan mako biyu ta shigo ofishinsa, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Dakta, sau nawa na ce maka firijin bakin ƙofa ba ya riƙe sanyi? Kullum kana sauri. Tsoka in ta kwana a ciki, lalacewa take. Firijin nan shi ne kusa da ɗakin waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, nan nas-nas suke zuba nasu. Na masu sauƙi kuwa ni nake kaiwa sabon firij. Kwamfutarka ba ciwo ta koya ba, firij take ganewa."

Dakta ya yi dariya. Wai Anti, da ko digiri ba ta da shi! Ya ce ta kawo hujja.

Ta ajiye masa takarda ɗaya. Lambar da ke samanta ya san ta kamar sunansa: rabin tsokar Baba ce da ya miƙa mata ta ajiye a sabon firij, kuma kore ta nuna.