Akushi Mai Tabon Wuta

Ana zaman makoki malamin asibitin Dutsin-ma ya jingine kekensa a ƙofar gidan, yana fara'a. Bai lura da tabarmin da aka shimfiɗa ba.

"Ina mai fukar nan? Albishirinku! Likitan Katsina ya duba majinarsa. Ba tarin tibi ba ne, wata cuta ce ta samu huhu mai rauni ta zauna. Ba a ɗauka. Za a canja masa magani, ku ci abincinku tare."

Ƙanen mamacin ya ɗago kai. "Malam, jiya muka kai shi."

Tun suna yara akushi ɗaya suke sa hannu. Yayan yana da fuka, ƙirjinsa na kuka kamar sarewa, duk Kurfi an saba. Shekarar 'yancin kai tarin ya sauya, jini ya biyo baya. Dangi suka ce a ware masa kwano. Ƙanen ne ya gasa ƙarfe ya yi wa akushin tabo, don kada a haɗa. Yayan ya karɓi akushin. Ya koma cin tuwonsa shi kaɗai, fuskarsa na kallon bango.

Da masu gaisuwa suka watse, ƙanen ya sa aka zuba masa tuwo a akushin. Ya yi bisimilla, ya ci rabin da ke gabansa, ya tsaya daidai tsakiya.

Tun daga ranar, kullum nan yake tsayawa. In matarsa ta zo ɗauka, sai ya ɗaga mata hannu.

"Dakata, Yaya bai gama ba. Ba ki jin numfashinsa?"